Injin da Ke Zagin Oga

Wani ne, injiniyan kwamfuta, aikinsa rubuta manhajar can ƙuryar cikin inji, wadda ke farkawa kafin komai ya farka. Masu wannan aiki in suna neman inda matsala take, sukan dasa 'yan layuka a hanya, injin ya riƙa rubuto musu "na iso nan" a allo. Shi kuwa gogan naka haushin ogansa yake ji, sai ya dasa nasa: "Oga ƙaton kai." Gaba kaɗan: "Oga bai san komai ba." Har guda arba'in.

Rannan oga ya leƙo ya ce, "Jibi masu saye za su zo. Duk wani layin bincike a share shi tas. Na ga ko ɗaya, ka kama hanyar gidanku."

Injiniyan ya zauna ya share. Ya kunna inji, shiru, allo baƙi ƙirin. Ya mayar da zagin, inji ya tashi garau. Ya cire "ƙaton kai" kaɗai, fankar injin ta yi tari ta tsaya.

Ya kira abokin aikinsa.

Abokin ya duba ya ce, "Ayyuka biyu ne ke tsere a ciki. Zagin ne ke jinkirta na gaban; kafin injin ya gama zagin, na bayan ya iso. Ka gyara tseren mana."

"Kwana nawa?"

"Wata uku."

Ranar da masu saye suka zo, mutumin ya tsaya gaban allo ya baza riga ya tare shi. Ashe oga ya sa an haɗa da babban allon bango. Inji ya tashi lafiya lau, zagi na gangarowa layi-layi, kowane harafi ya kai tafin hannu. Wani dattijo cikin baƙin har da gyara tabarau.

Oga ya daka tsawa. "Wane ɗan iska ne ya rubuta wannan?"

"Ranka ya daɗe, in an cire mutuwa yake yi."

"Matsa can!"

Oga ya zauna da kansa ya goge, ya rubuta "Oga haziƙi ne." Ya kunna. Inji ya yi ƙara ɗaya, hayaƙi ya fito ta baya.

Mutumin ya leƙa, ya girgiza kai.

"Ka gani ko, oga? Ni kullum ina faɗa maka haka ba abin da ke samuna. Injin ne dai bai saba ƙarya ba."