Barewar Gindin Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki bindigar surukina na shiga daji, ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba.

Surukina tsohon maharbi ne, a Ƙofar Durbi yake zaune, har yanzu wasu Sarkin Baka suke ce masa. Ni kuwa malamin makaranta ne, makamina alli. Wata Juma'a muna zaune a zaurensa, yana ba mu labarin yadda ake dafa naman barewa: a jiƙa shi da tsamiya ƙarnin daji ya fita, a sa citta da masoro da kanumfari, a bar shi kan garwashi har ya saki ƙashi. Sai bakina ya kufce (yawu ne ya ja ni, wallahi) na ce ai mu ma gidanmu farauta gado ce.

Baba ya dube ni ya daɗe. Ya tashi ya ɗauko bindigar toka, ƙotarta duk layu, ya ɗura mata albarushi ta baki, ya danna tsumma da sandar ƙarfe, ya zuba dalma.

"Harbi guda gare ta, Malam," in ji shi. "Kuma in ka ga dabba ta tsaya tana kallonka ba ta gudu ba, sauke bindiga ka yi sallama ka wuce. Ba kowace barewa ce barewa ba."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Washegari na hau babur na nufi dajin da ya kwatanta mini (lokacin ana shiga daji hankali kwance). Kafin in fita, matata Bilki har ta fara daka kayan yaji, ta aika wa ƙannenta su zo cin nama.

Tun hantsi nake yawo, ban ga ko zomo ba. Da rana ta take tsaka sai na lura dajin ya yi tsit. Kurciyoyin da suka dame ni da kuka duk sun yi shiru, iska ta tsaya cak, ba na jin komai sai takuna. Can na hango wata tsohuwar tsamiya ita kaɗai a fili, inuwarta baƙi ƙirin. A cikin inuwar ga wata jar dabba tsaye. Na matsa, ba ta motsa ba. Na ƙara matsawa, ta ɗago kai ta zuba mini ido, irin kallon wanda ya san sunanka.

Maganar Baba ta faɗo mini. Turmin Bilki ma ya faɗo mini. Na rufe ido na ja kunamar bindiga.

Ƙarar ta jefar da ni zaune, hayaƙi ya turnuƙe ko'ina. Da ya fara washewa, babu dabba. A daidai inda take, wata tsohuwa ce tsaye, doguwa, siririya, fuskarta fara fat har zuwa ƙirji, farin yana ɗiga daga haɓarta. Ba ta ƙifta ido ba. Ta ce a hankali:

"Ɗan nan, mi na yi maka?"

Ba banza ake ce wa bindigar nan harba-ka-ruga ba. Na yar da ita, na bar takalmi ɗaya, ban san yadda na tayar da babur ba.

Kwana uku ina kwance da zazzaɓi. Aka yi mini rubutu, aka turara ni da hayaƙi har idona ya kumbura. Labari ya zaga unguwa cewa barewa ta rikiɗe wa Malam. (In faɗi gaskiya, da na ga ana zuwa duba ni da girmamawa, na ɗan ƙara wa tsohuwar tsawo.)

Rana ta huɗu bayan la'asar ina zauren Baba, dattawa sun kewaye ni, ina tsakiyar bayanin yadda ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, sai aka yi sallama daga waje. Muryar tsohuwar nan ce. Inuwa ta rufe ƙofa, ga ta tsaye da bindigar a kafaɗa.

"Ga ta nan! Ta biyo ni!" Na kurma ihu, na tsallake wani liman, na shige bayan Baba na ƙanƙame rigarsa ina karanto duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar cin abinci.

Baba ya ce, "A'a, Inna Jumma? Ke ce tafe? Ina mutanen ruga?"

Sai da suka gaisa tsaf, shanu da yara da ruwan bana, ina maƙale a bayansa. Sannan ta ajiye bindigar. Ta ce layun ta gani ta gane mai ita. Ita dai ta tsaya hutawa bayan tsamiya da ƙwaryar nono a ka da jan ɗan maraƙinta, sai ta ji ƙara kamar aradu, nonon ya kife mata a fuska, maraƙi ya bazama, sai da yamma aka samo shi.

"Dalmar tana nan jikin itacen," ta ce, "kamu ɗaya sama da kaina."

Dariyar da ta fara tashi ta mutu. Baba ya juyo ya cire hannuna daga rigarsa, ya yi mini wani irin kallo, wanda da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, ta zaro takalmina daga cikin zane ta miƙo mini, ta ce, "Amma ɗan nan, ka iya gudu."

Nan fa zauren ya fashe, har liman yana share hawaye.

Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙaryar gado a gaban surukai, zaɓi sana'ar da ba a iya miƙo maka kayan aikinta nan take. Yanzu in an tambaye ni, cewa nake kakana masanin taurari ne.