Duwatsu a Zauren Surukai

Akwai ranar da ko na so in manta ba za ta mantu ba, wato ranar da muka kai gaisuwar neman auren ƙanena Sanusi a Faskari.

A daminar shekarar ne ruwa ya zaizaye gefen gonarmu ta Ketare, ya tono wasu duwatsu masu siffar gaɓoɓin ƙashi, wasu kuma da zanen ganye a jikinsu. Na taɓa gani a waya cewa ƙasusuwan dabbobin zamanin da kan daskare su zama dutse, sai na sa wa raina irinsu ne. Kullum bayan la'asar ina cikin kwazazzabo ina tsince-tsince. (Maƙwabta sun ɗauka zinare nake nema. Ban gyara musu ba, don hakan ya fi mutunci.) Na wanke duwatsun tas, na ɗaure a wani ƙaramin buhu. Ashe Inna ma a wani buhu irinsa ta zuba goron gaisuwa.

Ni aka ɗora wa ɗaukar goron. Da safe mai mota yana ta danna oda, na suri buhu na fito. Na dai ji nauyi, na ce goron bana ya ƙosa.

A zauren Alhaji, uban yarinyar, Kawu Bala ya gama jawabi ya ce, "Miƙo goron." Wani dattijo ya kwance buhun ya zazzage a tabarma. Sai ji kake ƙwaram!

Alhaji ya ɗaga wani dutse mai kama da ɗan yatsa, ya jujjuya shi.

"Malam Bala, ɗiyata kuka zo nema, ko wani abu kuka zo binne mana?"

Nan ya kamata in ba da haƙuri. Amma ganin yadda yake matse dutsen, sai bakina ya suɓuce: "A hankali, Alhaji, wannan ya girmi kakan kakanka."

Kawu ya runtse ido.

Sai da dattawa suka yi ta zarya kafin aka ba Sanusi matar. Duwatsun kuwa limamin unguwar ya tofa musu addu'a, aka watsa a rafi. Har yau in na kai tsaraba gidan Alhaji, a ƙofa ake fara buɗe ta.

Abin da na koya: in aka ba ka buhu, leƙa ciki tukuna. In kuwa ka manta ba ka leƙa ba, to bakinka ya fi buhun buƙatar ɗauri.