Rasuwar Ƙofar Gidan Mbah Karsidi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da goshi mai cike da ƙulu, Mbah Karsidi, tsohon masunci na unguwar bakin teku a birnin Semarang, a madadin matarsa Bu Ngatinem da 'ya'ya da jikoki, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar ƙofar gidansa, bayan doguwar jinya.

Marigayiya 'yar asali ce, daga itacen jati, katako mai ƙarko, aka sassaƙo ta. Mahaifin Mbah ne ya kafa ta da hannunsa, shekarar da aka kawo Bu Ngatinem tana amarya. A lokacin sai an hau matakala kafin a iso gare ta, kuma dogon mutum yakan wuce ta da hula a kansa bai rusuna ba. Ba ta taɓa hana baƙo shiga ba, ba ta taɓa buɗe wa ɓarawo ba. Muryarta ɗaya ce, "ƙiiiii", da ita take sallama, da ita kuma take kai ƙarar Mbah wurin matarsa duk ranar da ya daɗe a teburin mai kofi.

Ciwon ba daga jikinta ya fara ba, daga ƙasa ya taso. Kowa ya san garin nan kan laka yake zaune. Masana'antu da manyan otal suka zura rijiyoyin burtsatse suna zuƙe ruwan da ke ƙarƙashi, laka kuwa ta riƙa motsewa kamar soson da aka matse. Dogayen benaye an kafa musu ginshiƙai har inda ƙasa ta yi tauri, su ko a jikinsu. Gidan Mbah kuwa, da ma ɗora shi aka yi kamar kwano a kan kunu. Gida ya riƙa sauka, teku ta fara leƙowa duk lokacin da ta cika. Hukuma ta ɗaga titi, ruwan titi ya gangaro ɗaki. Mbah ya zuba ƙasa ya ɗaga daɓe. Daɓe ya tokare ƙofa. Sai aka kira Tukijan kafinta ya rage mata ƙafa.

Haka aka yi ta yi, titi ya hau, daɓe ya bi shi, Tukijan ya zo da zarto. Marigayiya ba ta taɓa kuka ba, sai dai muryarta ta dushe ta koma "ƙurrr".

Ko a cikin jinya ba ta daina aikin alheri ba. Ita ta koya wa unguwa ladabi. Surukin Mbah, Bambang, wanda tun da ya sami aiki a banki wuyansa ya sandare, ita ta fara sa shi rusunawa, daga baya har durƙuso. Mbah yakan zauna daga ciki ya karɓi gaisuwar da fara'a, ya ce, "Tashi, tashi, ɗana, ai an zama ɗaya."

Bu Ngatinem ta sha cewa, "Maigida, mu koma garin Ungaran wurin Sulastri. 'Yarmu ce, ta ware mana ɗaki, can kan tudu ne."

Shi kuma ya ce, "In tafi in bar ƙofar ubana wa?"

"Wace ƙofar? Rabinta na cikin murhun Tukijan!"

Ajali ya zo ranar Talatar da ta wuce. Bu Ngatinem ta taho da rarrafe, tana tura tukunyar miyar kifi a gabanta, sai bayanta ya maƙale a tsakiyar ƙofa, ba gaba ba baya. Maƙwabta suka ja daga waje, Mbah ya ja daga ciki, kowa na ganin shi ne mai gaskiya. Da aka fito da ita, sai ta wuce ta fara ɗaure kaya. Mbah ya aika a kira Tukijan. Ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Mbah, in na ƙara yanka, sai dai in yi maka murfin tukunya." Da la'asar teku ta cika kamar yadda ta saba. Ƙusoshin da gishiri ya cinye suka saki. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "ɓul". Mbah ya bi ta cikin ruwa har ƙugu ya kamo ta a gaban masallaci, ya rungumo ta a hammata kamar faranti. Waɗanda suka gan shi sun ce fuskarsa a jiƙe take, shi kuma ya ce ruwan teku ne.

Ta rasu ta bar makulli ɗaya da ba shi da abin buɗewa, da ƙanwarta taga, wadda yanzu ta nan ake shiga da fita. Matakalan gidan sun riga ta tafiya, suna can ƙarƙashin daɓe.

Za a yi zaman makoki ranar Juma'a da safe, kafin ruwa ya taso. Akwai shayi da soyayyen rogo. Masu ƙiba su yi ta'aziyyarsu daga titi, za a ji. Ba za a haƙa kabari ba, don Mbah ya ce ƙasar nan ta ci abin da ta ci, wannan kam ba za ta samu ba. Bayan azahar za a ɗora gawar a gaban mota, a kan cinyarsa, a wuce Ungaran tare da katifu da tukwane, inda Sulastri ta yi alkawarin kafa ta a akurkin kajinta.

Gidan kuwa za a bar shi a buɗe. Ruwan da zai gaje shi ba ya ƙwanƙwasawa.