Ambulan Harajin Filin Jirgi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na raka surukina filin jirgin sama. A layinmu na Kwarbai a Zariya ni ne masanin jirgi, don kawai ofis ya taɓa tura ni Legas sau ɗaya tak, tun ina saurayi (kuma tun ranar ban bar kunnen kowa ya huta ba). A wancan lokacin, bayan ka sayi tikiti sai ka je wata taga ka biya harajin fasinja a hannu, a manna maka 'yar takarda, sannan a bar ka ka wuce. Na riƙe wannan kamar karatun allo.

Surukin nawa, Baba Alhaji, maɗinkin manyan riguna ne a Kusfa. Yanar ido ta rufe masa gani har ko zare ba ya iya sa wa allura. Babban ɗansa da ke Legas ya samo masa ranar ganin likita bayan an sha jira, ya sayi tikiti ya turo ta waya, aka buga a takarda. In jirgin nan ya wuce shi, sai kuma a sake bin layi na watanni.

Ana gobe tafiya, bayan La'asar, na je gaishe shi. Zaure cike da masu sallama. Na durƙusa na gaida shi, maimakon in ja bakina in yi shiru, sai na gyara murya.

"Baba, a ware kuɗin haraji daban a ambulan. In babu takardar nan, ko gwamna ne ba zai hau ba."

Mutane suka gyaɗa kai, wani ma ya ce ai shi ya sa ake son mai boko a gida. Baba ya ce, "To, Malam. Allah ya yi albarka." (Bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba.)

Washegari na ɗauke shi a motata har Kano. Aka auna jakarsa, aka miƙa masa katin shiga jirgi, aka nuna masa ƙofa. Na ce a'a, da saura. Na zaunar da shi a benci, na karɓi ambulan na shiga neman taga. Na tambayi mai shara, na tambayi mai gadi, na hau sama na sauko. Kowa ya ce bai san ta ba, ni kuma a zuciyata ina cewa ma'aikatan yanzu ba su san aikinsu ba.

Da gumi ya ishe ni, na koma wurin matar da ta ba mu kati, na ɗaga murya. Na ce so suke tsoho ya je bakin jirgi a koro shi.

Ta dube ni cikin natsuwa ta ce, "Alhaji, yaushe rabonka da jirgi?"

Na ji dariya a bayana. Ta karɓi takardar tikitin ta sa biro a kan wani ƙaramin rubutu a ƙasa. "Ga harajin nan. Kamfanin jirgi ke haɗa shi da kuɗin tikiti, shi kuma ya miƙa wa masu filin. An daɗe da rufe tagar nan."

Ban rufe baki ba sai lasifika ta kira sunan Baba, kiran ƙarshe. Wani ma'aikaci ya kama hannunsa. Ina tsaye da ambulan ina kallon dattijon da ba ya gani sosai yana sassarfa, yana tattare riga, sanda na bugun ƙasa. Shi ne na ƙarshe da ya shiga. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har da tsoro.

Da na dawo Zariya na ba matata labari, ina rage wasu wuraren. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ai Baba ya sani. Tun da Yaya ya sayi tikitin ya gaya masa an biya komai. Na ce zan faɗa maka, ya hana. Ya ce ka riga ka faɗa a gaban mutane, a bari ka gano da kanka a can."

Wato duk zaman da ya yi a bencin nan yana jin ana ta kiran fasinjoji, ya san babu wata taga. Ya gwammace ya yi cacar idonsa da ya ƙaryata mijin 'yarsa.

An yi masa aikin idon lafiya, ya koma ɗinki. Na mayar masa da ambulan, ya ce in riƙe in sa mai. Ban sa ba, yana nan cikin durowa. Yanzu in aka tambaye ni zancen jirgi a layinmu, ko da kuwa launinsa ne, sai in ce, "Bari in tambayo."