Yadda Za Ka Sa Banki Ya Ɗaga Maka Ƙafa Kan Shagunan da Babu Kowa

Ka ci bashin banki ka gina shaguna a bakin hanyar Goronyo, ka jinginar da su. Yanzu wa'adi ya cika, babu ɗan haya ko ɗaya sai ƙadangaru. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci banki zai bar maka gininka har a kwashe albasa. Maƙwabcina Junaidu ya bi su, na gani da idona.

1. Riga su zuwa

Kada ka kashe waya, wannan aikin masu bashin manja ne. Je wurin manaja da ƙafarka, cikin riga mai tsabta amma ba sabuwa ba. Kabu-kabu za ka hau. Motarka kuwa ta kwana biyu a gidan ƙanenka a Wurno.

2. Ɗora laifi kan abin da ba shi da baki

Ruwan dam, tsadar taki, hanyar Rabah. Sannan ka sassauta murya: "Yallaɓai, in kun amshi shagunan ga, mi za ku yi da su?" Shi ma tambayar ke hana shi barci.

3. Aro 'yan haya

Banki ba ya ɗaga wa kango ƙafa, sai ya turo mai dubawa. Junaidu ya aro tela da kekensa, ya ɗauko Gwaggo Uwaliya, ƙanwar surukinsa, ya jera mata buhunan gero.

4. Tanadi amsa

Za a tambaye ka ina kuɗin hayar. Junaidu ya ce, "Na yahe musu haya sai kasuwa ta kankama." Mai dubawa ya yaba, har ya sa hakan cikin yarjejeniya.

5. Sa hannu da sauri

Takardar na cewa ka amsa bashin, kuɗin ruwa na ci gaba da hawa, kuma in sabon wa'adi ya wuce, sai gwanjo. Karanta irin wannan na kawo hawan jini, bar shi.

6. Sallami 'yan aro

Nan ake gane gwani. Tela ya naɗe kayansa ya tafi. Gwaggo kuwa ciniki ya buɗe mata, har ta zuba albasa a shagon telan. Junaidu ya durƙusa, ya gaishe ta, ya ɗauko zancen haya a kunyace.

"Ɗana, gaban mutumin banki kac ce ka yahe sai kasuwa ta kankama. Ni ban ga ta kankama ba." Ta juya ta ci gaba da auna wa layin mutane gero.

Na tausaya masa, wallahi.

Gargaɗi

Shawara na bayar, ba tare muka ci bashin ba. In wa'adi ya riske ka, kada ka zo ƙofata. Junaidu ma bai zo ba. Yana can zaune jugum tun da ya ji Gwaggo Uwaliya ta aika a tambayo mata ranar gwanjo.