Buƙata ta Musamman

Ranar da na kai sabuwar motata wani babban kanti a Sabon Gari, na tarar da filin ajiye motoci cike maƙil, sai gurbi ɗaya mai faɗi a bakin ƙofa. An rubuta a allo: "Masu buƙata ta musamman, minti talatin kacal." Shekara ashirin ina koyar da Hausa a Samaru, ni ba a yi mini fassara. Matata Rifkatu ta aiko ni sayen madarar jariri, wace buƙata ce ta fi wannan? Har yaba wa masu kantin na yi a raina.

Bayan minti arba'in na fito, na iske wata dattijuwa a mota tana jira tun ɗazu, domin a gurbin nan ne kaɗai ƙofarta ke buɗewa sosai. Ina janyewa ta shige da juyi ɗaya, da hannu take sarrafa birki da totur. Ta jawo keken guragu daga kujerar baya, ta warware shi, ta hau kafin maigadi ya ƙaraso. Na tsayar da motata a gefe, na sauko riƙe da ledar sayayya ina kallonta. Ni da ƙafa biyu sai da na gyara fakin sau uku.

"Malam," ta ce a hankali, "mece ce taka buƙatar?"

Na ɗaga leda. "Madara, Mama."

Ta gyaɗa kai. "Allah ya ba ka lafiya."

Kuskurena na biyu shi ne ba Rifkatu labari. Har yau, in na miƙe zan yi magana a taron coci, sai wani ya ce a ba mai buƙata ta musamman minti talatin ɗinsa.