Shun Da Ya Girma Kafin Hantsi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na so in riga kowa dashen shu, wato kabeji, a garinmu, nan kusa da Dungas. Har yau in na ga shu a kasuwa sai in kau da kai kamar na ga surukata.

A wajenmu kowa ya san ƙa'ida. Ba a dasa shu sai sanyi ya zauna sosai, sai ruwan alwalar asuba ya yi kwana da kwanaki yana cizon hannu. Kafin nan akwai zafin nan na bayan girbi, mai yaudara. To ni, wata safiya guda na ji sanyi ya ɗan taɓa min kunne, na ce shi ke nan, ya iso. Matata Indo ta ce, "Malam, mu ko bargo ba mu fiddo ba." Na ce mata harkar garka ba a koyonta a gindin murhu. (Ku riƙa sauraron matanku, ni na makara.)

Na dasa fangali huɗu. Kwana uku, rana ta dawo kamar ta yi mantuwa. Dashen ya kwanta, ya ƙone, abin da ya rage tsutsa ta yi walima da shi. Na sake dasawa a makare, ga su nan ƴan mitsi-mitsi kamar kunnen ɓera.

Da na yi shiru da an wuce wurin, don dannin garkata dogo ne, ba mai leƙawa. Amma bakina ba ya zama. Kullum a majalisa ina cewa, "Ku kun tsaya jiran sanyi, ni nawa ya fara naɗe kai." Har maganar ta kai kunnen malamin gona, wani saurayi mai ladabi da ke zagaya mu a kan moto. Ya tare ni ya ce, "Baba, ranar Lahadi zan kawo manoma daga Yekuwa su ga yadda ake dashen wuri."

Na ce, "Kawo su, ɗana. Ilimi ai ba a ɓoye shi."

Ni da na bar lakwal, makarantar boko, tun ban gama sanin baƙaƙe ba, yau ga ni zan koyar. Ina zan iya cewa a'a?

Ranar kasuwar Dungas na hau kabu-kabu, na sami wani dattijo mai shu manya-manya. Na zaɓi ashirin, na ce kar ya cire ganyen waje. Ya ce, "Biki za a yi?" Na ce, "Kusan haka."

Safiyar Lahadi na tona ƴan ramuka, na zaunar da kowane kai, na tura ƙasa, na yayyafa ruwa. Wallahi da na ja baya na duba, ni kaina sai da na ji alfahari. Indo ta kawo min kunu, ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah mai iko. Jiya kunnen ɓera, yau kan sarki." Ta juya abinta.

Da hantsi amalanke biyu suka iso. Na gyara hula, na hau bayani. Na ce sirrin shi ne mutum ya san iska, ya san ƙasa. Suna ta gyaɗa kai, wani ma yana ɗauka a waya. Sai malamin gona ya durƙusa ya ce, "Bari in nuna muku inda tsutsa ke ɓuya, a ƙarƙashin ganye."

Ya ɗaga ganye ɗaya. Kan shu ɗungurungum ya biyo hannunsa, ya suɓuce, ya gangara ta hanyar ruwa, gindinsa fari fes da yankan wuƙa. Ya je ya tsaya a ƙafar wani mutum da ke can baya, wanda ban lura da shi ba saboda surutu.

Dattijon kasuwa ne.

Ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya dube ni. Ya ce, "Malam, sannu da biki."

Jama'a suka kece da dariya, wani har ya zauna cikin fangali. Malamin gona, bawan Allah, ya rasa inda zai sa ido, sai ya hau goge hannu a wando. Ni kuwa na ce, "To ai... dashe ne dai. Daga garkarsa zuwa tawa." Wannan ya ƙara kashe su.

Dattijon nan ya rufa min asiri daidai gwargwado. Ya tsuguna wajen ƴan ƙananan nawa na gaskiya, ya ce waɗannan za su yi, in dai na bar su. Shi ya ƙarasa darasin, ya ce a kwarinsu ruwa kusa yake, sanyi kan riga namu sauka, shi ya sa yake riga mu. Ashe ko tsakanin gari da gari ranar dashe ba ɗaya ba ce. Indo ta yanka shun nan ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, baƙi suka ci suka sa albarka.

Nawa sun yi kuwa, bayan na kowa. Yanzu in sanyi ya zo sai in bari maƙwabta uku su dasa kafin in motsa. In kuma an tambaye ni labarin garka a majalisa, sai in ce, "Da godiya," in cika bakina da goro.